Kada ku shuka Pedicularis ita kaɗai

Jama'a, ga shawara ga masu sha'awar furannin daji, musamman waɗanda ke zaune a ƙasashen sanyi. Idan kun samu irin Pedicularis canadensis, wadda ke fitowa a dazuzzuka da filayen ciyawa na gabashin Amurka da Kanada, kada ku zuba shi a tukunya ko fili da ba komai.

Dalili kuwa, tsiron nan rabinsa ci-ma-zaune ne. Ganyensa kore ne, yana haɗa abincinsa da hasken rana, amma saiwarsa takan laluɓo saiwar maƙwabta ta manne, tana tsotsar ruwa da sinadarai. Danginsu ɗaya da wuta-wuta, sai dai ba ta kai ta ɓarna ba, rage wa ciyawa ƙarfi kawai take yi. Ni a ganina wannan ma alheri ne, domin ƙananan furanni sukan samu sarari.

Saboda haka ku yafa irin a gindin ciyawar da ta riga ta kafu, gab da shigowar hunturu. Irin yana buƙatar makonni cikin sanyi da danshi kafin ya tsiro. Wanda ya makara sai ya cakuɗa shi da yashi mai laima ya ajiye a firij. Kada a binne shi da zurfi, a danna shi kawai. Ƙasar ta zama ba ta riƙe ruwa, da ɗan inuwa.

Don Allah kada ku tono ta daga daji, da wuya ta rayu idan an raba ta da maƙwabtanta. Kuma a yi haƙuri, ba lallai ta yi fure a shekarar farko ba.