Darasi na Bakwai: Mota Ta Ƙi Ja, Inji Ya Rasa Ƙarfi

Da yawa daga cikin tsofaffin Hiace ɗin da ke lodi a tashoshin Damagaram gazuwal suke sha, man da a Kano ake kira gas. Wata rana direba ya baro gari da cikakken lodi zai nufi Tanut, ya take totur har ƙasa, mota sai nishi, keke ma ya kusa wuce shi. Ya juyo gareji ya ce wa makaniki: "Maigida, famfo ya mutu, a kwance shi." Maigidan bai taɓa famfo ba. Ya ce, "Malam direba, ɗaga mini kujera tukuna in ga inji, ka tada mota in ji."

Wannan darasi a kan abin da maigidan ya yi ne. Famfon gazuwal, wanda ke tura mai cikin inji, yana cikin abubuwa mafi tsada da wuyar gyara a jikin injin, saboda haka shi za a tuhuma a ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai abubuwa masu araha da kai kanka za ka iya dubawa.

Ka fara da tsayar da mota, ka ja birkin hannu, ka fitar da giya. In akwai agogon inji a gabanka, karanta shi. Lambobinsa 1, 2, 3, 4, 5 ne, kowace lamba juyi 1000 ce a minti ɗaya. Injin da aka bari yana aiki shi kaɗai yakan tsaya wajen 700 zuwa 800. In ka taka sosai na ɗan lokaci, injin Hiace mai lafiya yakan haura 4000. Wanda ya maƙale a 2000 ko 2500 akwai abin da ya shaƙe shi. In babu agogo, kunnenka ne agogo. Amma lura: idan inji yana kuka da ƙarfi, allura ta hau, mota kuwa ba ta gaba, ba ciwon inji ba ne, kuloci ne ke zamewa. Idan kuma bayan ƴar tafiya ka kai hannu kusa da ƙarfen taya ka ji zafi kamar tanda, birki ne ya riƙe.

Sai wayar totur. Sa yaron mota ya take har ƙasa, inji a kashe, kai kuma ka duba hannun da wayar ke ja a jikin famfo. Ya kai ga ƙusar da ke tsayar da shi? Waya takan saki, tabarma takan naɗe a ƙarƙashin abin takawa. Gyaran minti biyar ne, kuma an sha kwance famfo a kansa.

Yanzu koma bayan mota ka dubi hayaƙi, domin hayaƙi ba ya ƙarya. Baƙi ƙirin yana cewa mai ya fi iska yawa. Fari mai yaji a ido, mai ne bai ƙone ba. Shuɗi-shuɗi, inji na cin baƙin mai, alamar ya tsufa daga ciki. Idan kuwa ba ƙarfi kuma ba hayaƙi, yunwa ce, gazuwal ba ya isa.

A ƙasarmu baƙin hayaƙi ya fi yawa, dalili kuwa ƙura. Daga Nuwamba har Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura, hanyoyin ƙauye kuma rairayi ne. Buɗe gidan matatar iska, wadda muke ce wa filtir, ka fito da ita ka ɗaga wa rana. In haske bai ratsa takardar ba, ta toshe. A hura ta da iska daga ciki zuwa waje. Kada a wanke ta takarda da ruwa, kada a riƙa buga ta a jikin taya har ta yage. Ina roƙonka, kada ka cire ta ka yi tafiya don ka ji mota ta sami ƙarfi. Za ta samu na kwana biyu, rairayin da ta shaƙa kuwa zai cinye zobban fistan, gyaran da zai biyo baya ya ninka kuɗin filtir sau da yawa.

A wajen mai ne ya kamata mu daɗe. Tun 2011 ake tace gazuwal a matatar SORAZ da ke arewa da gari, amma kafin ya shiga tankinka wani lokaci ya kwana a duro mai tsatsa ko bidon da aka bari a buɗe. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. Shi ya sa aka yi ɗan murfi a gindin filtir ɗin mai. Tara kwalba mai haske, ka sassauta murfin, ka danna ɗan famfon hannu da ke samansa. Ajiye kwalbar ta natsu. Za ka ga ruwa da laka a ƙasa, mai a bisa. In haka ne, canza filtir, ka cika sabon da danna famfon hannun har ya yi tauri.

Bai warke ba? Sa guntun tiyo mai haske tsakanin filtir da famfo, ka tada inji. Ƙananan kumfa suna bin juna a ciki, iska ce ke shiga ta tsohon tiyo da zafi ya tsattsage ko ta bakin da bai ɗauru ba. Irin wannan wuri ba lalle ya ɗigar da mai ba, tsotsa yake yi, shi ya sa ido ba ya gani. Buɗe murfin tanki kuma. In ka ji ya ja iska fuu, ƙofar numfashinsa ta toshe.

Ga gwajin da ke raba gardama. Zuba gazuwal mai tsabta a bidon, ka ja tiyo daga cikinsa zuwa famfo kai tsaye, mota a tsaye. In inji ya karɓi totur garau, famfo lafiyarsa lau, ciwon yana baya: tanki, rariyar cikinsa, tiyo ko filtir. Shiga ƙarƙashi ka dubi salansa ma, domin dutse kan lotsa bututun, hayaƙi ya rasa mafita.

Sai duk wannan ya wuce ake zancen nozul, masu fesa mai cikin inji, da saitin bel ɗin taimin, mai daidaita lokacin feshin, in ya tsallake haƙori, da famfon kansa. Wannan aikin masu na'urar gwaji ne. Abu biyu ka kiyaye. Ƙusar da aka rufe da hatimi a jikin famfo ita ke hana inji wuce iyakarsa, kada ka yarda a murɗa ta don neman gudu. Kuma kada ka tara yatsa a bakin nozul ko bututunsa inji na aiki, feshin yana huda fata, wanda ya same shi asibiti zai nufa nan take.

Aikin gida: ɗauki littafinka ka rubuta lambar da allura ta tsaya a kai, da kalar hayaƙin motarka, da ranar da aka canza filtir biyun nan, da kilomita nawa agogo ya nuna a ranar. Ka zo da littafin a aji na gaba, mu karanta tare.