Yadda ake ɗaure notin taya da sifanar awo

Yawancin masu faci da kanikawa suna ɗaure notin taya ne da ƙarfin damtse, wani ma har ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa, a zatonsa tsananin ɗauri shi ne aminci. Gaskiyar magana ita ce ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da ƙusar da notin yake hawa kanta har ta raunana, yana iya lanƙwasa faifan birki, kuma ƙusar da ta raunana tana iya karyewa mota tana cikin gudu. Saboda haka ne aka ƙera sifanar awo, wadda take nuna adadin ƙarfin da aka murɗa noti da shi.

Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin Nm, wato Newton-mita, kodayake kayan Amurka sukan zo da ft-lb, wanda ɗayansa ya kai kusan Nm 1.36. Kowace mota da adadinta a littafin da kamfani ya bayar. Toyota Corolla, alal misali, Nm 103 ake ɗaure notin tayarta, filogi kuwa bai cika wuce Nm 25 ba.

Da farko a goge ƙusoshin su bushe, kada a shafa musu giris ko baƙin mai, domin adadin da aka rubuta na busasshen ƙarfe ne, kuma maiƙo yana sa ɗaurin ya zarce abin da sifanar ta nuna. A shigar da notocin da hannu, a ɗan matse su, sannan a sauke motar daga jak har taya ta taɓa ƙasa. Daga nan sai a murɗa mariƙin sifanar zuwa adadin da ake so a kulle shi, a riƙe ta a tsakiyar mariƙin, a ja a hankali ba tare da fizga ba. Da zarar an ji ta yi ƙas, alamar an kai adadin ke nan, a tsaya. Nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin, domin sukan ƙara ja sau biyu ko uku don su tabbatar, alhali kowane ƙari yana wuce awon.

Ba a bin notocin a jere. Idan biyar ne, a ɗaure ɗaya a tsallake na kusa da shi, a yi ta tsallakewa har a gama, don tayar ta zauna daidai. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 yana da kyau a sake gwada su.

Ita kanta sifanar tana bukatar kulawa. Ba a kwance noti da ita, ba a ƙara mata bututu, kuma idan an gama aiki a mayar da ita adadi mafi ƙanƙanta kafin a ajiye, domin sifirin ɗin cikinta ya huta. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sifanonin awo, wato ISO 6789, ta ba da shawarar a duba daidaiton awonta duk wata 12 ko bayan amfani sau 5,000, haka kuma duk lokacin da ta faɗi ƙasa da ƙarfi.