Yadda Ake Karanta Littattafan Almara da na Soyayyar Jinsi Ɗaya, da Yadda Ake Nuna Wa Wani

Duk wanda ya daɗe yana bin littattafan almara na Turanci, masu sarakuna da matsafa da macizai masu aman wuta, ya ga sauyin da aka samu daga wajen 2010 zuwa yau. Da yawa cikin waɗanda suka yi fice, taurarinsu mata biyu ne ko maza biyu da ke son juna. Wani mai karatu nemansu yake yi, wani karo yake ci da su bai shirya ba, wani kuma so yake ya san su don nazari ko don ya kauce musu. Dukkansu abu ɗaya suke buƙata, wato wanda zai faɗa musu gaskiyar abin da ke cikin littafi kafin su buɗe shi. Ni a wurina nuna wa mutum littafi amana ce. A wannan fanni kuwa amanar ta ninka, domin a ƙasarmu sakaci kaɗan na iya jawo wa mutum abin da ya wuce ɓacin rai.

Mataki na farko: ka san wane irin littafi ne a hannunka

Kafin komai, ka bambance littafin soyayya da littafin da akwai soyayya a cikinsa. A kasuwar littattafai ta Amurka da Ingila, littafin soyayya yana da sharaɗi biyu: soyayyar ce ginshiƙin labari, kuma dole a ƙare masoya suna tare cikin farin ciki. In babu na biyun, masu karatun fannin ba sa lissafa shi a nasu, komai daɗinsa.

Ɗauki The Song of Achilles na Madeline Miller, wanda ya fito a 2011 ya kuma ci lambar yabo ta Orange a 2012. Labarin jaruman Girka ne guda biyu, Akilis da Fatrokulus, a yaƙin Taroy. Soyayya ce daga farko har ƙarshe, amma mutuwa ce ke rufe ta. Wanda ya zo maka zuciyarsa a jagule yana neman abin da zai sanyaya masa rai, ka miƙa masa wannan, to ka ƙara masa nauyi. Gara ka ba shi The House in the Cerulean Sea na TJ Klune, na 2020, labarin wani ma'aikacin gwamnati ɗan shekara 40 da aka tura ya duba gidan marayu masu baiwar tsafi a wani tsibiri. Babu batsa a ciki, babu zubar da jini, kuma ana ƙarewa lafiya.

Akwai dalilin da ya sa masu karanta wannan fanni suka damu ƙwarai da ƙarshen labari. Shekaru da dama, a Amurka, in marubuci ya kawo masoya jinsi ɗaya, sai ya kashe ɗayansu ko ya haukata shi kafin shafin ƙarshe. Marijane Meaker, wadda ta rubuta Spring Fire a 1952, ta bayyana cewa mai buga mata littafin ne ya gindaya mata sharaɗin kada labarin ya ƙare da daɗi, don gudun kada hukumar gidan waya ta kama shi. A wannan shekarar ce Patricia Highsmith ta fitar da The Price of Salt da sunan aro, aka yi ta maganarsa saboda matan biyu masu son juna da ke cikinsa sun tsira da ransu da hankalinsu. Saboda haka in wani ya tambaye ka, "Ana mutuwa a ƙarshe?" kada ka ce masa ya karanta ya gani. Ka amsa masa. Tambayar tana da tarihi a bayanta.

Mataki na biyu: ka san daga ina ya fito

Littattafan nan ba daga rijiya ɗaya suke ba. Akwai na manyan kamfanonin ɗab'i na Turai da Amurka, irin The Priory of the Orange Tree na Samantha Shannon, na 2019, mai shafi sama da 800, inda sarauniya da mai tsaron lafiyarta suke shaƙuwa a hankali a tsakiyar rikicin sarauta da addini. Wanda ya shiga don soyayya kawai zai gaji da jira, domin almarar ce a gaba.

Akwai kuma na ƙasar Sin da ake kira danmei, wato labaran soyayyar maza biyu, waɗanda yawanci mata ne ke rubutawa babi-babi a intanet. Mafi shahara shi ne Mo Dao Zu Shi na Mo Xiang Tong Xiu, wanda aka mayar wasan talabijin a 2019, aka kuma fara buga fassararsa ta Turanci a 2021. A nan akwai tarko ga mai nuna wa wani. A talabijin, saboda hukumar tace fina-finai ta Sin, an mayar da alaƙar jaruman biyu aminci na rai da rai. A littafin kuwa soyayya ce ƙarara, da wuraren da aka yi bayanin kwanciya dalla-dalla. Wanda ya kalli wasan ya zo yana neman littafin, ka faɗa masa wannan tun kafin ya nema. Marubutan fannin ma a can ba su tsira ba, domin a 2018 wata kotu a lardin Anhui ta yanke wa marubuciyar da ake kira Tianyi ɗaurin da ya kai shekara 10 kan sayar da littafinta.

Sai namu na gida, waɗanda galibi ba almara ba ne, rayuwa ce tsagwaronta. Jude Dibia ya fitar da Walking with Shadows a 2005. Chinelo Okparanta ta fitar da Under the Udala Trees a 2015, labarin Ijeoma, yarinya 'yar ƙabilar Ibo, da Amina, Bahaushiya marainiya, waɗanda yaƙin basasa ya haɗa a gida ɗaya. Arinze Ifeakandu, haifaffen Kano, ya ci lambar yabo ta Dylan Thomas a 2023 da tarin gajerun labaransa. Waɗannan sun fi kowanne nauyi ga mai karatu ɗan Najeriya, saboda uwar da ke ciki, da mai wa'azin, da maƙwabcin, duk ya san irinsu. Kada ka ba wanda ke neman hutu irin waɗannan da sunan nishaɗi.

Mataki na uku: ka duba alamomin gargaɗi

Wannan ba ya cin lokaci. A dandalin Archive of Our Own, inda masu sha'awa ke rubuta labarai kyauta, marubuci yana iya sa wa labarinsa mataki: na kowa da kowa, na matasa, na manya, da na bayani tsirara. Marubuci kuma yana iya saka gargaɗi in akwai mutuwar babban tauraro, ko fyaɗe, ko mummunan tashin hankali. Manhajar StoryGraph tana tara irin wannan gargaɗi daga masu karatu game da littattafan da aka buga. A Goodreads kuwa, shafin da masu karatu ke sharhin littattafai, ka bar sharhin masu tauraro biyar da masu tauraro ɗaya, ka karanta na masu uku. Su ne suka fi faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba.

Bangon littafi ba shaida ba ne. Yanzu ana yi wa littattafan manya bango mai zanen katun da launi mai haske, ka rantse na 'yan makaranta ne.

Mataki na huɗu: ka karanta da kanka, har ƙarshe

Kada ka nuna wa kowa littafin da ba ka gama ba. Sau da yawa abin da zai girgiza mutum yana can a kashi na uku na labarin.

Almarar zamani tana buƙatar haƙuri a farko. Wanda ya taso da Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi ya saba labari ya kama gudu tun shafin farko. Waɗannan kuwa sai sun gina duniyarsu tukuna, da sunayen garuruwa da gidajen sarauta da dokokin tsafi. Ka ba littafi kamar shafi 80 zuwa 100 kafin ka yanke masa hukunci. In akwai taswira ko jerin sunaye a gaba ko a baya, ka riƙa komawa gare su.

Kana karatu kana lura da abu ɗaya da ya fi kowanne raba waɗannan littattafai gida biyu: shin a duniyar labarin ana tsangwamar masoyan, ko kuwa ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai? A wasu littattafan, jarumar tana da mata kamar yadda take da takobi, rikicin labarin yana wani wuri dabam. A wasu kuwa ɓoyo da tsoro da korar iyaye su ne labarin. Mutum biyu za su ce maka suna son fanni ɗaya, amma ɗaya na farkon yake nema don ya huta da tsoro, ɗayan na biyun yake nema don ya ga an faɗi abin da ya sani. Ka kuma lura ko taurarin mutane ne masu aibu da buri da dangi, ko kuwa marubucin ya liƙa su ne don kasuwa. Wannan yana bayyana da wuri: in ka cire soyayyar ka ga babu abin da ya rage na mutumin, rubutun bai nuna ba.

Da ka gama, rubuta layi huɗu ko biyar a inda kai kaɗai ke gani: yadda ya ƙare, yawan bayanin kwanciya, abin da zai iya tayar da hankali, da irin mutumin da zai dace da shi.

Mataki na biyar: ka san wanda za ka ba, ka kuma faɗa masa gaskiya

A nan ne mutane suka fi yin ɓarna, kuma ɓarnar iri biyu ce. Ta farko ita ce ɓoyewa. Ka ce wa abokinka, "Ga wani littafin yaƙi mai daɗi," ka yi shiru kan sauran, kana fatan in ya yi nisa zai sauya ra'ayi. Wannan yaudara ce, kamar ka miƙa wa mai gyambon ciki miyar da ta sha yaji ba ka ce masa komai ba. Mafi yawan mutanenmu, Musulmi da Kirista, addininsu bai yarda da wannan alaƙa ba, kuma mutum yana da haƙƙin ya san abin da zai karanta ya zaɓa da kansa. In ya ce a'a, magana ta ƙare, ka nemo masa wani. Almara ba ta ƙare ba.

Ta biyu ita ce zato. Ka ga alama a wurin wani, ka tura masa littafi da nufin ka nuna masa ka gane shi. Ko da niyyarka alheri ce, abin da zai fara ji shi ne tsoro. Kada ka sa littafi ya yi maka tambayar da ba a ba ka izinin yi ba. Haka kuma wanda ya nemi irin wannan littafi bai faɗa maka komai game da kansa ba. Akwai ɗalibai, akwai marubuta, akwai iyayen da ke son fahimtar abin da 'ya'yansu ke karantawa.

Ka fara da tambaya: wane littafi ne ya yi maka daɗi kwanan nan, kuma me ba ka so ka gani? Sannan ka ba da guda ɗaya, ba goma ba. Saƙon zai iya zama kamar haka: "Yaya Hajara, na gama wanda kika tambaya. Almara ce mai tsawo, sai kin yi haƙuri da farkonsa. Ki sani taurarin mata biyu ne masu son juna, akwai wuri ɗaya ko biyu na manya, amma ba a zurfafa ba. Ba wadda ta mutu a cikinsu. In bai kwanta miki ba, ina da wani."

Yara kuwa ba a wasa da batunsu. Littafin da aka rubuta don manya na manya ne, ko wane jinsi ne masoyan cikinsa. Ɗan wani kuma ba naka ba ne da za ka zaɓa masa a bayan idon iyayensa.

Mataki na shida: ka rufa wa kanka da abokinka asiri

A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko shiga cikinsu ko nuna alaƙar a bainar jama'a. Jihohin Arewa 12 kuma suna da dokokin Shari'a. Dokar 2014 ba ta ambaci karanta ƙagaggen labari ba, amma mai neman ya tona wa mutum asiri ko ya tatse shi kuɗi ba ya duba sashen doka. Hoton hira guda ɗaya ya ishe shi. A Kano ma an taɓa ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a 2007, ga kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i da ke sa ido kan marubuta.

Saboda haka kada ka jefa irin wannan shawara a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinku ko na dangi, balle ka ambaci sunan wanda ya tambaya. Ka yi magana da mutum shi kaɗai, in da hali baki da baki. Ka tuna waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce: ƙane zai ara ya yi wasa, uwa za ta karɓa ta kira, saƙo kuma yana faɗowa a fuskar waya ko tana kulle. Kafin ka tura hoton bango, ka tambaya, "In turo nan, ko in bari sai mun haɗu?" Shafinka na Goodreads a buɗe yake ga jama'a sai in ka shiga ka rufe, kuma in kuna amfani da asusu ɗaya da wani a Kindle, manhajar karanta littattafai, duk abin da ka saya yana gani. Baƙon da ya shigo maka ta intanet da zumuɗin son littattafai, ya fara tambayar unguwarku ko neman ku haɗu, ka ja baya. Shafukan da ke raba littattafan sata kuma, ban da cin haƙƙin marubuci, sukan cusa wa waya manhajar leƙen asiri.

In kwana biyu suka wuce wanda ka ba littafi bai ce komai ba, kada ka bi shi da "Ka gama?" Wataƙila ya ajiye, wataƙila yana buƙatar lokaci. In ya dawo ya ce bai ji daɗinsa ba, ka tambaye shi a wane babi ya tsaya da abin da ya tsayar da shi, ka ƙara a waɗancan layuka naka kafin ka zaɓo masa na gaba.