Darasi na Tara: Yadda Ake Yin Sabuwar Takarda Daga Tsohuwa

Takarda zaren itace ne da aka jiƙa, aka dake shi, aka shimfiɗa ya bushe. Shi ya sa in ta tsufa ana iya mayar da ita cikin ruwa a sake yin ta. A ƙasar Sin aka fara wannan sana'a. Tarihi ya ambaci wani ma'aikacin fada, Tsai Lun, wanda a shekara ta 105 miladiyya ya yi takarda da ɓawon itace da tsummoki da tsohuwar komar kamun kifi. Hanyarsa za mu bi, sai dai mu kayan aikinmu tsofaffin littattafan yara ne, waɗanda ake ƙonawa su cika unguwa da hayaƙi, ko a zubar su toshe lambatu da damina.

Zaɓen takarda

Ku tara littattafan rubutu da suka cika, da ambulan, da takardun ofis. Jarida ma tana yi, amma takardarta kan fito ruwan toka. Wadda aka ƙunshe ƙosai ko awara a ciki ba ta yi, domin mai yana hana zaren kama juna. Haka mai sheƙi da mai leda a jiki. Duk takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, ku ware ta gefe guda, kada ta shiga turmi.

Kayan aiki

Bokiti, da baho mai faɗi, da turmi da taɓarya waɗanda ba na abinci ba, da tsummokin auduga, da soson katifa. Sai firam biyu na katako masu girma ɗaya, kafinta zai haɗa muku da guntayen katako. A ɗaure ragar taga a jikin guda, ta yi tauri sosai, ɗayan a bar shi haka.

Yadda ake yi

Ku cire 'yan ƙarafan tsakiyar littafi, ku yayyaga takardun ƙanana, ku jiƙa su kwana. Washegari ku matse, ku daka. A nan aikin yake, kuma a nan masu gaggawa kan ɓata shi. Ku ɗibi kaɗan ku zuba a kwalba mai ruwa, ku girgiza, ku ɗaga ta wajen haske. In kun ga gutsattsari da alamar rubutu, dakan bai yi ba, a koma turmi.

In ya yi laushi, ku dama shi a baho da ruwa mai yawa, ya yi ruwa-ruwa kamar tsararon koko. Ku zuba dafaffen sitaci cokali biyu. Kada ku raina sitacin nan, shi ke rage nason tawada in an zo rubutu. Mai son launi sai ya ƙara ruwan zoɓo ko na lalle.

Ku ɗora firam mara raga a kan mai raga, ku riƙe su tare. Ku motsa ruwan da hannu, ku tsoma su a karkace, ku daidaita su a ƙarƙashin ruwa, sannan ku ɗago a hankali kuna ɗan girgizawa gaba da baya, hagu da dama. Ruwa zai tsiyaye, zaren ya kwanta a kan ragar. In wani gefe ya fi kauri, ku mayar cikin baho ku sake, ba a yi asarar komai ba.

Ku cire firam na sama, ku kifa ragar a kan tsumma mai laima, ku danna da soso ta baya ya tsotse ruwan, sannan ku ɗaga. Ku rufe da wani tsumman, ku ɗora katako da dutse. Bayan awa ɗaya ku shanya a inuwa, domin rana da iskar hunturu suna lanƙwasa ta. In ta bushe ku ɓare ta, ku goge da dutsen guga.

Aikin gida

Kowa ya yi falle uku. A na farko ya rubuta sunansa da na unguwarsu, a na biyu ya rubuta kayan aikin da ya yi amfani da su. Na uku ya kawo shi aji babu rubutu, za mu gwada biro da tawada a kansa.