Yadda Ake Tsara Labarin Fim ɗin Kisa Mai Ban Dariya

Fara da kisa kafin minti 10 su cika, don mai kallo ya san da gaske ake. Kada a nuna fuskar makashin tukuna.

Sai ka tara matasa biyar ko shida a inda fita ke da wuya, kamar sansanin hutu a dajin Amurka, inda waya ba sabis. A cikinsu a samu mai cika baki, da matsoraci, da yarinya mai natsuwa wadda za ta rage.

Tsakiyar labarin ce mai wuya. Raha ta zo daf da tsoro ko jim kaɗan bayansa. Misali, mai cika baki ya ɗauki tocila ya ce "bari in leƙa waje", sauran su ce masa ai haka ake mutuwa a fim, ya yi tsaki ya fita. Amma kada makashin kansa ya zama abin dariya. Ni dai daga nan nake daina jin tsoronsa.

Wajen minti 70 cikin 90, a tona asirinsa, ya kasance wanda aka sani tun farko. Yarinyar ta kayar da shi, ya sake zabura sau ɗaya, ta ƙarasa shi.