Kurakuran fulogin da ke cinye wa furodusa aikinsa

Na gaji da amsa waya iri ɗaya daga ƙannena masu koyon haɗa kiɗa: "Yaya, na buɗe aikina, sautin ya ɓace." Sai su ɗora wa kwamfuta laifi, alhali yawanci hannunsu ne ya jawo.

Na fara da wanda ya fi ƙona ni, wato ɗaukar VST2 da VST3 a matsayin abu ɗaya. Fulogin ƙaramar manhaja ce da ake jona wa manhajar haɗa kiɗa don samar da sauti ko gyara shi, VST kuwa tsarin da ake gina fulogin a kai ne. Kamfanin Steinberg ne ya fito da VST a 1996, ya kawo VST3 a 2008, sannan a 2018 ya daina ba da sabon lasisin VST2. Shi ya sa kamfanoni da yawa yanzu VST3 kaɗai suke sakawa a sabon fitarwarsu. Sunan fulogin ɗaya, fuskarsa ɗaya, amma manhajar haɗa kiɗa tana ganinsu kamar Hassan da Hussaini: kowa da lambar shaidarsa.

Akwai waƙar biki da na gama kiɗanta, saura ɗora murya. Kwamfutata ta fara nauyi, na sake mata Windows, na mayar da fulogin ɗina duka. Ranar da mawaƙin ya zo da 'yan amshinsa, na buɗe aikin a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, sai saƙo ya fito wai ba a ga fulogin ba. Da VST2 na yi aikin, sabon da na saka kuwa VST3 ne. Sautin da na kwana biyu ina murɗawa har ya zauna daidai da kalangu, babu shi. Mawaƙin na zaune a kan kujera yana kaɗa makullin babur, ni kuwa gumi na bin bayana duk da fanka na juyawa. Kwana uku ya rage biki. Na sake ginawa daga kunne, bai taɓa komawa yadda yake ba, kuma na rage kuɗin aikin don kunya.

Tun daga ranar, ba na rufe aiki sai na fitar da kowane layin kiɗa a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, na ajiye saitin fulogin ɗin a folda ɗaya da aikin. Wasu za su ce ɓata wuri ne. Ni dai na gwammace faifai ya cika. Sabon aiki kuma da VST3 nake farawa, tsohon VST2 ina barinsa a inda yake saboda tsofaffin ayyuka.

Na biyu, kuma a nan zan yi faɗa: me ya kai ka sabunta manhaja kana tsakiyar aikin mutane? Ka ga sanarwa ta fito, hannunka na ƙaiƙayi, ka danna. Masu Mac sun sha wannan a 2019 da macOS Catalina ya daina karɓar duk manhajar da take kan tsohon tsarin 32-bit. Da Apple ya kawo Mac masu sabuwar ƙwaƙwalwa ta M1 a 2020 ma, tsofaffin fulogin da yawa sai ta Rosetta 2, mai fassara tsofaffin manhajoji ga sabon Mac, suke tashi. Ka gama aiki, ka miƙa, ka karɓi kuɗinka, sannan ka sabunta. Ni sai na bar wata biyu ko uku ina sauraron kukan waɗanda suka riga ni.

Sauran ƙanana ne. Kowace manhajar haɗa kiɗa da tsarin fulogin da take karɓa: Logic Pro ba ya karɓar VST, tsarin AU yake so. Pro Tools kuwa AAX. Ka tambayi wanda za ka tura wa aiki me yake amfani da shi kafin ka tura. Fulogin mai 32-bit ba zai tashi a Ableton Live 10 ko Cubase 9 ba, FL Studio ne ke lallaɓa shi ta wata gada da ke haɗa tsohon tsari da sabo, ita ma takan karye. VST3 yana da gidansa a Windows, cikin Common Files, kada ka kwashe shi zuwa wata folda.

Sai fulogin na sata da ake yawo da su a filashi daga sutudiyo zuwa sutudiyo. Na san tsadar dala, amma duk lokacin da aka kawo mini kwamfutar da ke mutuwa ana tsakiyar ɗaukar murya, su nake fara cirewa ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa kafin na kai na biyar ta daina.