Darasi na Goma Sha Ɗaya: Kalmar "Graduated", Daga Kofin Magani Zuwa Takardar Neman Aiki

Wata ɗaliba a ajinmu na yamma, dattijuwa mai sana'ar ƙosai, ta zo da kwalin maganin tarin jikanta. Ta warware takardar da ke ciki, ta ɗora yatsa a kan wata kalma, ta ce, "Malam, wannan ba ita ce ɗiyata ta rubuta a ƙarƙashin hotonta ranar da ta gama makarantar koyon jinya ba? To me ya haɗa gama makaranta da maganin tari?" Na ce, "Inna, idonki bai yaudare ki ba, ita ce." A takardar an rubuta graduated cup, wato ɗan kofin robar nan da ke kife a bakin kwalba.

Ku fara rubuta ta a littafinku: g-r-a-d-u-a-t-e-d. Haruffa tara ne. Ana faɗinta kusa da "girajuwetid". Ku lura, d ta farko ba ta fita da sautin d, tana komawa j ne saboda u da ke biye da ita.

Asalin kalmar daga Latin ne, daga gradus, ma'ana taki ko matakala. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe darasin gaba ɗaya. Duk inda kuka ga graduated, ku nemi matakalar. Ko dai abu ne da aka yi masa hawa-hawa, ko kuma mutum ne da ya hau matakan karatu har ya kai na ƙarshe.

Ma'ana ta farko: abu mai hawa-hawa

Ku ɗauki kofin magani ku ɗaga shi wajen haske. Za ku ga 'yan layuka a jikinsa, kowanne da lamba: 2.5 ml, 5 ml, 10 ml. Layukan nan su ne matakalar. Mudu da tiya ba su da su, shi ya sa mai awo ke ƙiyasta rabin mudu da ido. A hatsi ido ya wadatar, amma a maganin yaro bai wadatar ba. Sirinji ma graduated ne, haka kwalbar shayar da jariri, haka doguwar kwalbar awo ta ɗakin gwaje-gwaje da ake kira graduated cylinder.

A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne kalmar ta shafi lafiya. Da na tambayi Inna da me take ba yaron magani, ta ce da cokalin shayi, kofin kuwa ta ajiye shi a kan taga. Cokalin awo na asibiti 5 ml ne, amma cokulan gidajenmu kowanne da girmansa, wani ya zarce, wani bai kai ba. Idan takarda ta ce a yi amfani da graduated cup, nufinta a auna da mai layin. Ku ajiye kofin a wuri mai lebur, ku zuba a hankali, ku sunkuyo har idonku ya yi daidai da layin, sannan ku karanta. Wanda ya leƙa daga sama zai ga ba daidai ba. Adadin kuwa wanda likita ko mai ba da magani ya faɗa ne, ba a ƙara, ba a rage.

Kuɗi ma ana yi musu matakala. Graduated tax shi ne harajin da kasonsa ke ƙaruwa yayin da samun mutum ke ƙaruwa. A sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a 2025, naira 800,000 na farko na samun shekara ba a karɓar komai a kansu. Mataki na gaba ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, har a kai na ƙoli, kashi 25. Mutane da yawa suna tsoron idan sun taka mataki na biyu za a yanki dukan kuɗinsu. Ba haka ba ne. A ce kuɗin da za a yi wa mutum haraji a kai naira 1,000,000 ne. A cire 800,000, saura 200,000, a kan wannan kaɗai za a ɗauki kashi 15, wato naira 30,000.

Tsarin hawa-hawa ba baƙo ba ne a wurinmu. Makiyayi ya san zakkar tumaki da awaki: daga 40 zuwa 120 ana fitar da ɗaya, daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 uku. Da Bature zai bayyana wannan, graduated zai ce.

Ma'ana ta biyu: wanda ya gama makaranta

Mu muna cewa yaro ya yi sauka, a yi masa walima, ko mu ce an yaye ɗalibai. Abin sha'awa, Bahaushe yana ganin mai gama karatu ya sauko ne, Bature kuwa yana ganin ya haye. Tafiyar dai ɗaya ce.

Idan kalmar ta zo kafin suna, sifa ce: a newly graduated nurse, wato ma'aikaciyar jinya da ba ta daɗe da gama makaranta ba. Amma mafi yawan lokaci aikatau ce, tana ba da labarin abin da ya wuce: She graduated in 2019, ta gama a 2019. Wajen faɗin makarantar, from ake sawa: He graduated from Bayero University. Shi kuma mutumin graduate ne, ba d a ƙarshe: I am a graduate. Kada ku ce I am graduated, Turancin yau ba ya tafiya haka. Bikin kansa sunansa graduation.

A Amurka wanda ya gama sakandare ma ya yi graduating. A Ingila an fi keɓe kalmar ga jami'a. Mu a nan idan sanarwar aiki ta ce ana neman graduate, mai digiri ko babbar difiloma ta HND ake nufi, irin waɗanda ke tafiya bautar ƙasa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya kashe kuɗin mota da na hoto a kan gurbin da ba nasa ba. Amma idan fom ya tambayi Year graduated ko Year of graduation a gaban sunan makarantarka, ko ta firamare ce ko ajin yaƙi da jahilci, ka rubuta shekarar da ka gama, da lambobi, ba tare da jin nauyi ba. Shekara kawai ake tambaya.

Yaya za ku gane wacce ma'ana ake nufi? Ku dubi maƙwabciyar kalmar. Idan mutum ne, karatu ake nufi. Idan kofi ne ko haraji ko farashi, hawa-hawa ake nufi.

Aikin gida

Kowa ya nemo abu ɗaya mai layin awo a gidansa, ya rubuta lambobin jikinsa daga ƙasa zuwa sama, ya zo mana da shi. Sannan ku fassara waɗannan zuwa Hausa: Use the graduated cup. My son graduated last year. Daga nan ku lissafa harajin wanda kuɗin da za a yi masa haraji a kai ya kai naira 1,200,000 a shekara. Wanda lissafin ya ba shi wuya ya zo da wuri ranar Asabar, mu yi shi tare a allo kafin a fara aji.